Makunnin da Ya Kasa Jure Zafin Batsari

Mutumin da ya tarbe ni a ƙasar Holan Bahaushe ne, kuma shi ne na fara rainawa a can. Dakta Bishir sunansa. Ya zo filin jirgi cikin matsattsen wando da hular sanyi, ya miƙo mini hannu, na bar masa hannunsa a iska na ce, "Ina wuni, Dakta."

"Ke ce 'yar Batsari? Ai ni ma ɗan Ruma ne, nan kusa da ku," in ji shi.

Na yi murna, na tambaye shi ɗan gidan wa. Ya yi tari, ya ce ai kakarsa ta wajen uwa ce aka ce daga can take. Daga baya na gane a birnin Katsina aka haife shi, a unguwar manyan ma'aikata, kuma ko kwatancen hanyar Ruma ba zai iya ba. Amma a takardun kamfanin da ya ɗauke ni, shi ne masanin al'adun mutanen karkara.

Sunana Rakiya. Kimiyyar halittu na karanta, na koyar da ita a sakandaren 'yan mata kafin in samu wannan gurbi. Mijina, Malam Sada, yana koyarwa a Safana. 'Yarmu Ummi ba ta daɗe da yaye ba na bar ta wurin Gwaggo Dije, ƙanwar mahaifina, wadda hare-haren 'yan bindiga suka taso daga ƙauyenmu Karare ta dawo cikin Batsari tana suyar ƙuli-ƙuli. An ce mini karatun digirin dakta zan yi. Sai da na iso na ga cewa jami'ar suna kawai ta ara. Aikina da bizata duk a hannun wani ƙaramin kamfani suke, na wani matashi mai suna Martin.

Martin bai taɓa yin magana babu murmushi a fuskarsa ba. Haƙoransa farare ne tas, kuma ya san da haka. Ranar farko ya zagaya da ni ɗakin gwaje-gwaje yana gabatar da ni ga kowa: "Wannan ce Rakiya, daga inda matsalar take." Ban san lokacin da na zama 'yar garin matsala ba.

Aikin kansa kuwa, gaskiya, ya burge ni. Gyaɗa idan ta jiƙa aka adana ta haka, tana yin fumfuna, fumfunar kuma tana fitar da wata guba da ido ba ya gani, suya ba ta kashe ta, tana cin hantar mutum a hankali. Ana so a samar da gwaji mai arha da zai nuna ta. Abin da muka ɗauka shi ne yis, irin wanda ake sa wa burodi. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai ƙwayoyin gado masu yawa, kuma ba duka suke aiki a lokaci ɗaya ba. Kowace tana da makunninta. Mu sai muka dasa wa yis ɗin wata ƙwayar gado mai fitar da jan launi, muka ƙera mata makunni, muka ɗora wani sinadarin furotin a kai ya danne shi, kamar mai gadi zaune a bakin ƙofa. Ba ya tashi sai gubar ta zo ta taɓa shi. Ka jiƙa garin gyaɗa ka zuba: idan ruwan ya yi ja akwai guba, idan bai yi ba lafiya lau. Ni aka ba aikin daidaita makunnin, kada ya yi saurin buɗewa, kada kuma ya ƙi.

Da an bar ni da kwalabena da na ji daɗin ƙasar. Amma rabin lokacina a gaban kyamara yake ƙarewa. A ce in riƙe kwalba in kalli haske. A ce mayafina ya yi duhu, ko ina da atamfa mai launi sosai? Wata mai ɗaukar bidiyo ta taɓa tambayata ko a garinmu na taɓa ganin wutar lantarki kafin in zo. Na ce mata a'a, da hasken idon kura muke karatu. Ta rubuta. Sai da na ce wasa nake ta soke, kuma na ga ba ta so ba.

Ɗakina yana saman shagon wata Balarabiyar Maroko, Lalla Zuhura. Ƙasar ruwa ce da iska. A lokacin sanyi kafin a yi la'asar da kyau gari ya fara duhu. Na koyi hawan keke da girmana, na faɗi a bakin wata ƙorama, mutane suka ratse ni cikin ladabi suna wucewa, ba wanda ya ce sannu. Lalla Zuhura ce ta ga gwiwata, ta zaunar da ni a kan buhun shinkafa ta wanke ciwon tana faɗa da Larabcin da ba na ganewa. Da azumi ya zo, kullum sai na tarar da kwanon miyarsu mai zafi a bakin matakala. Ba ta taɓa tambayata labarin garinmu ba. Wannan kaɗai ya sa na ƙaunace ta.

Matsalar ta fito ne daga wata tambaya da na yi wa kaina. Ɗakin gwajinmu kullum a sanyaye yake. Na tuna shagon masu sayen gyaɗa a kasuwar Batsari, rufin kwano, tsakar rana, inda gumi ke bin bayan mutum har dunduniya. Sai na ɗauki kwalabe na zuba musu gyaɗa mai tsabta wadda babu ko ɗigon guba a cikinta, na sa su a na'urar ɗumama abu, na ƙara zafin ya kai irin namu. Kafin azahar duk sun yi ja. Na sake, na sake. Mai gadin namu ba ya jure zafi. Da ya ji ɗumi sai ya saki makunnin, da guba ko babu.

Kuma a lokacin kamfanin ya riga ya shirya da wani babban dillali cewa za a fara gwajin a kasuwar Batsari: duk buhun da ya yi ja, ba za a saya ba. Mutanen da suka bar gonakinsu na nesa saboda tsoro, suka noma ɗan abin da ke bayan gari ido ɗaya a kan daji, su ne za a ce wa gyaɗarsu guba ce.

Na jera kwalaben a teburin Martin. Ya kalle su, ya yi murmushi.

"Kyakkyawan aiki, Rakiya! Za mu gyara a samfuri na gaba. A yanzu dai sai su riƙa sa kayan a firji."

"A wane firjin?"

"Ko a kula mai ƙanƙara. Mutanenku suna da dabara sosai, na karanta."

Na ce masa ba zan sa sunana a wannan abu ba. Murmushin bai motsa ba. Ya tuna mini, a tausashe, cewa taron masu ba da tallafi ya kusa, cewa idan ba mu ci kyautar da za a bayar a wurin ba babu kamfani, idan babu kamfani kuwa, ai na san inda bizata take.

Washegari ya turo mini Dakta Bishir. Ya zauna a shagon Lalla Zuhura yana karkaɗa ƙafa.

"Ƙanwata, ke sabuwa ce. A ƙasar nan ba kimiyya ake saya ba, labari ake saya. Ki hau can ki faɗa musu yadda aka tashi garinku, yadda aka kora shanu, yadda kuka gudu. Idan hawaye ya zo kada ki hana shi."

"Dakta, ni ban gudu ba, ina makaranta. Gwaggona ce ta gudu."

"To ai duk ɗaya ne. Su ba su san bambanci ba."

"Gyaɗar mutane fa da za a ƙi saye?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Kafin a kai can an gyara. Ko kuma an manta. Yawanci mantawa ake yi."

Na dube shi, mutum da furfura a gemu, ya shafe rabin rayuwarsa yana tallar wahalar mutanen da ko gaisuwarsu bai iya ba. Na ce, "Allah ya ƙara girma, Dakta." Ya ce amin, bai ji komai ba.

An yi taron a wani tsohon ɗakin ajiyar kayan jiragen ruwa da aka mayar zauren biki. Dakta Bishir ya ɓullo cikin babbar riga, karo na farko da na ga ya sa, hula a karkace kamar ta aro. A ƙaton allon da ke bayana aka haska hoton wani ƙauye mai bukkokin da ban taɓa ganin irinsu a ƙasar Katsina ba, da yaro tsirara ƙudaje a fuska, an rubuta Karare a ƙasa. Na raɗa wa Martin cewa wannan ba garinmu ba ne. Ya ce babu wanda zai lura.

Na hau na yi bayanin makunni da mai gadi, ban ambaci 'yan bindiga ba. Ina ganin fuskokinsu suna jiran kukan, kamar waɗanda suka sayi tikiti aka jinkirta musu wasa. Da aka zo tambayoyi, wani tsoho mai na'urar ji a kunne ya ɗaga hannu.

"Kun gwada shi a zafi irin na can?"

Na tuna bizar, na tuna yadda aka yi walima a gidanmu da zan taho. Na ce, "Na gwada. Ba ya aiki. A zafin garinmu gyaɗa mai kyau ma ja take yi."

Na tsaya ina jiran abin da zai biyo baya. Sai wata mata ta fara tafi, sauran suka kama, wasu har da miƙewa. Martin ya yi tsalle ya hau dandamalin ya karɓi abin magana ya ce, "Kun gani? Wannan ita ce gaskiyar da muka gina kamfaninmu a kai!" Wata ta rungume ni tana cewa ba ta taɓa ganin jarumta irin wannan ba. Na faɗa musu cewa kayan ba ya aiki, su kuma abin da suka ji shi ne baƙar mace ta yi magana da ƙarfin hali. Kamfanin ya ci kyautar. Har yau idan na tuna tafin nan sai in ji kamar in wanke kunnuwana.

Ba su kore ni ba; mutanen can ba sa kora. Wata safiya dai katina ya daina buɗe ƙofar ɗakin gwaji. Martin ya fito ya same ni a baranda, ya kawo mini shayi da hannunsa, ya ce suna ganin na fi ƙarfin wurin, kuma ba za su so su tauye ni ba. Abu ɗaya ya yi daɗi: dillalin nan yana cikin zauren, kuma shi ɗan kasuwa ne, ya ji abin da na faɗa da kunnen basira, ya janye. Sai kamfanin ya mayar da gwajin wata ƙasa a gabashin Afirka, ya samo wata yarinya daga can. Na ji an ce Dakta Bishir ya gano yana da kaka a can ma.

Na kira Malam Sada ina kuka, kukan da na hana su gani.

"Abban Ummi, zan dawo. Na gaji."

Ina jin hayaniyar ɗalibai a bayansa. Ya ce, "Idan kin dawo, ƙofa a buɗe take, kin sani. Amma faɗa mini, abin nan yana gyaruwa?"

"Yana gyaruwa."

"Akwai wanda zai gyara shi saboda Batsari idan ba ke ba?"

Na share hawayena. Ya ce, "To ki yi istihara, Maman Ummi. Mu muna nan."

Tsohon nan mai na'urar ji ne ya nemo ni. Saƙonsa layi biyu ne: sunan wata farfesa a kudancin Indiya mai aiki a kan gyaɗa, da cewa ya riga ya yi mata magana. Ban sake ganinsa ba. Lalla Zuhura ta cusa mini dabino a jaka, ta ja kunnena kamar 'yarta, na tafi.

Indiya ta karɓe ni da nata salon. Mai a-daidaita-sahun da ya ɗauke ni daga tasha ya zagaya da ni gari har na gane wani masallaci da muka wuce a karo na uku. Masu gidajen haya su amsa waya da fara'a, in na iso su ga fatata sai ɗakin ya zama an riga an kama. A bas yara su dangwali hannuna su duba yatsunsu. A Holan an raina ni ana murmushi, a nan ana yi ido cikin ido. Ban san wanne ya fi ba, amma na biyun bai buƙaci in sa atamfa ba.

Farfesa Lakshmi gajeriya ce, ba ta da fara'a ko kaɗan. Na fara ba ta tarihina kamar yadda aka saba da ni, ta ɗaga hannu.

"Ba na buƙatar labarin garinku. Nuna mini kwalaben da suka yi ja."

Ta duba, ta ce aikin ganganci ne, wanda ya ƙera wannan makunni bai taɓa yin gumi ba. Na ce ni ce na daidaita shi. Ta ce to ni ma ban taɓa yin gumi ba ke nan. Ta kai ni wata rumfar kwano a bayan ginin, babu fanka, ta ce nan ne ɗakin gwajina: duk abin da bai yi aiki a nan ba, ba ta son jin labarinsa.

A rumfar nan na yi shekarun da suka fi kowanne tsawo a rayuwata. Muka nemo wani furotin daga ƙwayoyin halittar da ke rayuwa a maɓuɓɓugar ruwan zafi, muka mai da shi mai gadi. Ya jure zafi, amma ya yi taurin kai, gubar ta zo ya ƙi tashi. Muka sassauta shi, ya koma sakaci. Daga ƙarshe muka sa makulli biyu a kan makunnin, launi ba ya fita sai duka biyun sun buɗe. Sannan, don kada a saki yis mai rai a kasuwa, muka tatso kayan aikin da ke cikinsa muka busar a kan 'yan ƙananan takardu. Faɗar wannan ba ta kai minti ɗaya ba. Yin sa ya cinye mini ƙuruciyar 'yata. Wata rana a waya Gwaggo ta ce, "Ummi, zo ki gaida uwarki." Yarinyar ta leƙo ta ce, "Ina wuni, Anti." Na amsa lafiya lau, na kashe wayar, na koma rumfa.

Da zazzaɓi mai karya gaɓoɓi ya kwantar da ni, Farfesa da kanta ta zo ɗakina da kwanon shinkafa da kindirmo. Na kai baki, na ji tsamin nonon da matan Fulani ke kawo mana daga ƙauyen Tsaskiya, hawaye ya zubo. Ta kalle ni ta ce, "Ci. Kwalabenki suna jira." Ranar da takarda ta zauna fara a kan gyaɗa mai kyau cikin tsananin zafi, ta kuma yi ja a kan mai guba, abin da ta ce kawai shi ne, "Sake yi." Na sake har ta gaji da cewa.

Na dawo gida da digirin da 'yar jakar takardu, bayan jiran izini a ofisoshin da ba na son tunawa. Ba a yi mini tafi ba, alhamdu lillahi. Ummi ta ɓuya a bayan zanen Gwaggo, sai da aka kwana biyu ta yarda na yi mata kitso.

A tsakar gidan Gwaggo na fara gwajin, da rana tsaka, kusa da kaskon suya. Ta tsaya a kaina hannu a ƙugu.

"Mi za ki gani a gyaɗata wanda ban gani ba? Tun ba a haife ki ba nake wagga sana'a."

"Gwaggo, abin ba ya ganuwa. Bari dai mu duba."

Na ɗebo daga buhunan da ke jingine a ɗaki, na daka, na jiƙa, na ɗiga. Takardu suka zauna farare, ina ta murna a raina. Sai ta buhun ƙarshe ta fara sauya launi, ta yi ja jawur.

"Wancan buhun daga ina yake, Gwaggo?"

"Na gonarmu ne ta Karare. An cire, aka ji harbi, yara suka baro ta a tare a gona. Ruwa ya duke ta kafin a koma. Amma na shanya ta, na tsince da hannuna. Takardarki ƙarya take."

Na sake gwadawa a gabanta da sabuwar takarda. Ja. Ta ce in ba ta ta ɗiga da kanta. Ja. Ummi tana zaune a kan turmi tana gurgurar ƙuli, Gwaggo ta juya ta kalle ta, ta daɗe tana kallo.

"Wanda ke hannunta na wane buhu ne?" na tambaya.

"Ba na wannan ba. Ban buɗe shi ba sai yau." Muryarta ta sauka. "To a ba shanun Ardo, kada a yi asara duka."

"Ko shanu, Gwaggo. Gubar tana fita a nono."

Ta ja tsaki mai tsawo, ta kira ni da sunayen da ba zan rubuta ba, ta ce an tura ni karatu na dawo da tsiya. Sannan ta ɗaure zanenta, ta kama kunnen buhun, ta ƙi yarda in taya ta, ta ja shi har bayan gida ta zuba kalanzir. Muka tsaya muna kallon noman shekara yana ci da wuta, mai yana tsartuwa. Ba ta yi kuka ba. Da wutar ta lafa, ta goge fuska da gefen mayafi, ba ta dube ni ba ta ce:

"Kada in ji wannan magana a bakin kowa. Amma gobe da safe ki ɗauko takardun nan mu je gidan Talatu mai ƙuli. Tata ta fi tawa shan ruwa, kuma 'yan makaranta take sayar wa."